Gwiwar da Ƙanensa Ya Warkar

Mijina tela ne a Kankiya. Idan ya sauka daga kan keke da la'asar, yakan zauna a zaure ya ɗauki muryarsa a waya yana ba da labari, ya tura wa wani guruf na masu sauraro da ya buɗe a wayar. Labarin wani manomi ne da ɓarayi suka kore masa shanun huɗa, ya bi sawunsu shi kaɗai.

Manomin nan gwiwarsa ta hagu ba lafiya. In ya yi gudu sai ta kumbura. Yana tsoron karnuka. Akwai ranar da ya ɗaga gora zai maka wa ɓarawo, don tsoro gorar ta suɓuce. Ina tsakar gida ina jiyowa, ban san tuwona ya kama ba sai da ƙauri ya tashi. Mata daga Yashe har Tafashiya suka yi ta turo saƙo, don Allah kada a kashe shi.

Gwiwar ta mijina ce. Babur ya taɓa kayar da shi, da ƙafa ɗaya yake taka keken ɗinki.

Ya rasu da damina, ya bar manomin kwance a gonar dawa, ɓarayi suna saran kara suna nemansa.

Ina cikin takaba ƙanensa da ke Kusada ya ɗora daga inda labarin ya tsaya, bai tambaye ni ba. Tashin farko ya shayar da manomin maganin tauri. Gwiwa ta warke. Adda ta lanƙwashe a wuyansa, ya tarwatsa ɓarayin yana dariya. Na saurara har ƙarshe, ban ji komai a raina ba. Wanda ƙarfe ba ya kamawa, me zan ji masa tsoro? Guruf ɗin ya yi tsit, matan suka daina roƙo.

Bayan na fita takaba ya zo karɓar wayar mijina, don ita ce ke riƙe da guruf ɗin. Ya tsaya a bakin zaure, bai zauna ba.

"Matar Yaya, ai gata na yi masa. Jarumi da ɗingishi? Mutane dariya suke."

"Wa ya yi dariya?"

"To, ni dai na gyara."

"Yayanka ma ka so ka gyara shi? Ranar da ya faɗi a hanyar Kusada, kai ne ka ce ya cika raki."

Ya ɗaure fuska. "Mi kika sani a harkar labari? Ke dai tuwo."

"Na san ya ƙone sau ɗaya. Naka kuwa, har miya na kaɗa ina ji."

Ya ce wayar gado ce. Na ce a sa ta cikin gado, amma sai na gama da ita. A gabansa na goge abin da ya tura, na cire shi daga guruf ɗin, na rufe yadda ba mai iya ƙara komai.

Har yau ba ma gaisawa. Surukata ta ce na raba zumunci a kan tatsuniya, ban musa mata ba. Wasu suna tambayata ko manomin ya tsira. Nakan ce ban sani ba, mai labarin bai faɗa mini ba.