Ƙafar Maigidana da Kayan Dubiya

Ni ba mai fita ba ce. Shekara ashirin da wani abu ina gidan nan na Sabon Gari, in aka ɗebe biki da gaisuwar rasuwa, ƙafata ba ta cika wuce bakin zaure ba. Amma duk abin da ake yi a unguwa yana iso ni, don kunnena bai san hutu ba. Ina zaune ina tankaɗe zan gaya muku kabu-kabun wa ya tsaya a ƙofa, da kuma maƙwabciyar da ke daka cikin fushi.

Maigidana tela ne. Kekensa na ƙafa yana cikin zaure, bango ɗaya ne tsakaninsa da murhuna. Ƙarar keken nan na san ta kamar muryar ɗiyana. In ɗinkin babbar riga yake, doguwa ce ba yankewa. In gyaran wandon yaro ne, guntu-guntu take fita.

To, wata shekara bayan an gama girbi, sai na ji keke ya canja murya. Ya ɗauki gudu, sai ya yi tuntuɓe, kamar ƙafar ta zame daga kan matakin. Kuma ga yawan tsayawa. Ya tsaya, in ji an buɗe randa, moɗa biyu, wani lokaci uku. Ba a jima ba in ji buta, in ji ƙyauren bayan gida, wanda na kwano ne mai kuka. Wata rana tsakanin azahar da la'asar ƙyauren nan sau biyar ya yi kuka.

Na ce, "Malam, lafiya kuwa?"

Ya ce, "Zafin gari ne."

Zafin gari bai taɓa sa wando ya yi wa mai shi yawa ba. Mutumin da ke ɗinka wa jama'a daidai jikinsu ya koma kullum yana ƙara jan tazuge. Na matsa, sai ƙanensa ya ɗauke shi a babur zuwa gidan likita na unguwa. Da suka dawo na tare ƙanen, da ma akwai wasa tsakanina da shi.

"Kai, mi kuka gaya musu?"

"An tambaye shi yaya jiki, ya ce da sauƙi. An gwada masassara, babu. Ga ƙwayoyin gajiya an rubuto."

"Ruwan da yake sha fa? Ramar fa?"

"To uwar likitoci, ai ba a tambaya ba."

Haka mazanmu suke. Mutum ko ɗauko shi aka yi a tabarma, in an ce yaya jiki, da sauƙi zai ce, don faɗin ciwo a gaban mutane kamar rashin godiyar Allah ne a wurinsu.

Bayan kamar wata guda ya shigo cin abinci, na ji tafiyarsa tana ƙwas, ƙwas a kan siminti. Na ce ya ba ni takalmin. Ƙusa ce ƴar ƙarama ta huda ta fito ciki, tafin takalmin duk jini ya bushe. Na ɗaga ƙafarsa ta dama, wadda yake taka keke da ita, ga rami ƙarƙashin ƙaramin yatsa. Ya leƙa yana mamaki kamar ƙafar wani ce. Wallahi bai ji ba. Wannan rashin jin shi ya fi ramin tsorata ni.

Labari ya kai Jiratawa wurin yayarsa. Ita ce babbarsu, ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, tana da lambu can, kuma in ta yi magana a danginsu an gama. Ta zo ta duba, ta ce abu ya taka, an binne masa ne don ɗinkinsa ya fi na wasu fita. Ta sa aka kai shi Tibiri wurin wani mai magani, aka dawo da gari baƙi ana cusawa a ramin. Ni wa da zan hana? Kwana goma yatsan ya yi baƙi, ɗaki ya fara wari. Keke ya yi shiru ɗungurungum. Shirun nan shi ya tashe ni. Na wanke mayafina, na ce gobe babban asibiti, kuma da ni za a je.

Mun daɗe a kan benci. Ƙofar likitan ba ta rufuwa sosai, ni kuwa ga ni kusa da ita. Na ji ya ga tsoho mai tari, ya tambaye shi ko yana zufa, ko akwai mai tari a gidansu, ya tura shi a gwada majina. Na ji mai ciki da ƙafafunta suka kumbura, ya tambaye ta ciwon kai da ganin duhu-duhu. Na ji uwa da ɗanta mai gudawa. Kowa da nasa, amma tambaya biyu ba ya barin su: tun yaushe? Sau nawa? Sai na gane wannan mutumin da abin da aka gaya masa yake aiki. In an ba shi da sauƙi, da sauƙi zai auna. Na zauna ina jera amsoshina a zuci.

Muka shiga. Ya ce, "Baba, yaya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ƙanen ya fara bayanin ƙusa. Na ce masa, "Kai, je ka sayo mini ruwa, maƙogwarona ya bushe."

"Yau kuma ke ce maigidan?"

"Ni ce. Kuma kada ka yi sauri."

Ba zan iya maganar fitsarin mijina a gaban ƙanensa ba. Ko a gaban likitan ma sai da na ja mayafi na dubi ƙasa. Amma na faɗa. Na faɗi randa, na faɗi ƙyaure, na faɗi tazuge da tuntuɓen keke. Na ce kuma in na je wanke bayan gida, nakan tarar da kiyashi sun yi layi a bakin makwarara, abin da ban taɓa gani ba a da. Malam ya yi gyaran murya har sau biyu. Ban dube shi ba.

Likita ya ajiye alƙalami ya ce, "Inna, tun yaushe?"

Na ce, "Tun ana ɗaurin dammunan gero."

Ya sa Malam ya rufe ido, ya riƙa taɓa tafin ƙafarsa da wani ɗan zare mai tauri yana cewa in ya ji ya faɗa. Ya taɓa, ya taɓa, Malam yana jiran a fara. Aka soki yatsan hannunsa aka ɗiga jini a wata ƴar na'ura, aka ɗaura masa abin awon tansiyo, wato hawan jini, aka ce washegari a dawo a ɗebi jini kafin ya sa komai a baki. Da sakamako ya fito likita bai yi kwana-kwana ba. Ya ce ciwon sukari ne, ya daɗe a jiki, shi ya kashe jin ƙafar, shi ya hana ramin rufewa, ga tansiyo kuma ya hau. Ya ce ƙaramin yatsan ya riga ya mutu, sai an cire.

"Sauran ƙafar tana hannunku. In sukari ya sauka, nama zai tsiro. In bai sauka ba, ciwon zai hau, kuma ranar ba maganar yatsa za mu yi ba."

Kwana shida muka yi a asibiti. Aka cire yatsan, aka koya mini yin allura a fatar ciki, da awon tuwo, da abin da ba zai ƙara sha ba. Aka ce duk bayan kwana biyu mu zo wurin manjo, babban ma'aikacin da ke wanke ciwo. Na ɗauka wahala ta ƙare. Ashe tana gida tana jiranmu.

Kun san dubiya. Ba mai zuwa hannu biyu. Teloli abokansa suka zo da lemun kwalba, maƙwabta da madarar gwangwani, dangin Tibiri da dabino da fura. Kuma ba ajiyewa suke su tafi ba. Mutum zai buɗe da hannunsa ya miƙa, ya ce, "Daure ka sha, ka ga yadda ka rame." Malam kuwa bai iya mayar da hannun mutum ba. Yakan ce kurɓa ɗaya ce. Mutum goma sha a wuni, kowa da kurɓarsa.

Zuwanmu na uku manjo ya kwance bandeji, ya yi tsaki ƙasa-ƙasa. Ya soki yatsan hannun Malam, ya dubi na'ura, ya dube ni.

"Madam, mi kike ba shi?"

Na ce, "Daga tukunyata ba abin da ya ci sai abin da kuka ce."

"To wani na ba shi. Jan nan ya matsa sama."

Na koma gida na kasa kunne. Ina wanke-wanke na ji kwalba ta yi fisss a zaure. Ranar na sa aka ɗauke katifarsa aka mayar ƙuryar ɗakina, na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa na zauna da tsinar wake. Duk wanda ya zo in karɓi kayansa da hannu biyu, in sa albarka, in tura bayan randa, sannan in ce bismilla. Magana ta fara yawo. Wai na kafa kwastan a gidan miji. Wai tsoho na kwance ina shanye masa madara. Na ji duka, don ta kan katanga ake yi. Na ce su yi ta yi, ni dai ƙafar nan ba za a yanke ta ina gani ba.

Wadda ba ni da ikon tarewa ita ce Yaya. Ta zo da ƙullin kayanta ta ce jinya ta zo. Da hantsi na shiga wanka, ina cikin zuba ruwa na ji ludayi yana bugun kwano a ƙuryar ɗaki, bugun damu mai kauri. Na fito da sabulu a wuya. Fura ce, ta sha sukari, ga kwalbar zuma a buɗe gefenta.

Na durƙusa na ce, "Yaya, don Allah."

"Don Allah mi? Kin mayar mini da ƙane kamar karan dawa. Ni na goye shi, ke kika san abin da ke sa shi ƙarfi? Zuma ce za ki hana, da kowa ya san waraka ce?"

Malam ya ce, "Ku bari mana, kurɓa ɗaya ce."

Na ce, "Malam, kai dai yi shiru." Ban taɓa gaya masa haka ba, har ita Yaya sai da ta saki baki. Na ce, "Yaya, ban isa in yi gardama da ke ba. Gobe ranar wankin ciwo ce, mu tafi tare. In likita ya ce a ba shi, ni zan dama da hannuna. Amma yau ki bar mini kwanon nan." Na riƙe bakin kwanon, ta riƙe. Ni ban ja ba, ban kuma saki ba. Can ta sake shi ta ce za ta je ta ji da kunnenta.

Washegari manjo ya kwance a gabanta. Tun da aka cire yatsan ba ta taɓa ganin wurin ba, kullum a naɗe. Ta ce, "Innalillahi," ta dafa bango. Na roƙi a kira likita. Ya zo ya gaishe ta da girmamawa, ya tambaye ta sana'arta, ta ce lambu.

"To Hajiya, ruwa abu ne mai kyau ga shuka. In kika sakar wa fangali ruwa ya kwana uku bai tsotse ba, saiwa mi take yi?"

Ta ce, "Ruɓewa."

"Ban ce zuma ba ta da kyau ba. Jikin ƙanenki ne ya daina tsotsewa. Duk zaƙin da ya shiga, cikin jini yake kwanciya, ga inda yake fitowa." Ya nuna ƙafar. "Mi kike shukawa?"

"Zogale, da kabeji, da yalo."

"Su za ki kawo masa."

Muna isa gida ta janye tabarmata daga bakin ɗaki, ta kai ta zaure, ta zauna kusa da keke. La'asar sai ga shugaban telolin layinsu da kwalba biyu. Ina jin ta daga madafa.

"Kai, mayar da abinka. So kake a yanke masa ƙafa ka gaje masu ɗinkinsa?"

"Haba Yaya, dubiya ce."

"Ka dube shi da ido. In kana son lada, gobe ka zo da kifi."

Abin da na yi aka ce rowa, ita ta yi aka ce gaskiya ta faɗa. Ban damu ba. Sati uku ta yi a zauren nan, da ta koma Jiratawa kuma duk ranar kasuwa sai ta aiko da buhun zogale, har na rasa inda zan shanya.

Ciwon bai yi sauri ba. Sai da sanyi ya wuce manjo ya kwance wata rana, na ji bai yi tsaki ba. Ya ce, "Madam, zo ki ga nama." Ja ne, sabo, ya ciko daga ƙasa. Bayan wata guda aka daina naɗewa.

Yanzu kowace safiya kafin ya sa takalmi sai na kife shi na kakkaɓe, na zura hannu ciki, sannan in duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu huɗun da suka rage. Yakan ce na mayar da shi jariri. Duk wata muna komawa awo, kuma har gobe in likita ya ce yaya jiki, da sauƙi yake cewa. Likita sai ya yi dariya ya leƙo bayansa ya ce, "To Inna, gaya mini."

Keken ya dawo aiki. Muryarsa ba irin ta da ba ce, don yanzu da dunduniya ya fi dannawa, akwai ɗan jinkiri a kowane juyi. Na saba da ita. Ina tankaɗe ina saurare, in ya tsaya kuma sai in ɗaga kai in ji ko zare ne ya tsinke, ko randa za a buɗe.