Sawun da Baba bai ƙarasa bi ba

Ni ɗan mai bin sawu ne. An haife ni a Kanan-Bakashe, a shekarun da mahara ba su barin mutane su yi nisa da gari. In an sace jaki ko saniya daga nan har Mayahi, Baba ake kira. Yakan zo ya tsuguna, ya nemi sawu mafi fita, ya kife shi da sakaina don kada iska ko kaji su ɓata shi. Daga nan ya bi. Ban taɓa jin ya komo hannu wofi ba.

Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, kuma bai cika duban fuskata ba. "Kai," yake cewa, idonsa a ƙasa. Ƙafata ya sani. Ina yaro fartanya ta sare mini ƙaramin yatsan ƙafar hagu, tun daga nan yatsan ba ya taɓa ƙasa. Na yi karatun allo kaɗan, na bi Baba daji shekaru, na koyi abin da ya koya mini. Amma rana da ƙaya sun ishe ni. Abin da nake so shi ne in ba da labari a saurare ni.

Sai na ƙago wani mutum na sa masa suna Barmo, mai bin sawu. Duk abin da na ga Baba ya yi, na ɗora wa Barmo, na ƙara masa gudu da faɗa. Na fara ba da labarin a kasuwar garinmu, a inuwar wani gawo. Ba na tsayawa kwatanta gari ko kyawun doki. Daga buɗe baki an riga an yi sata, Barmo ya riga ya tsuguna a kan sawu. In na kai daidai wurin da zai ɗaga kai ya ga ɓarawon, sai in yi shiru in ce sai kasuwa mai zuwa.

Mutane suka kamu. Akwai wani wanzami, Ɗan Ladi, ya taɓa barin kan mutum rabi da gashi rabi babu, ya zo ya tsaya da aska a hannu. Shi mai kan ma ya biyo shi, bai yi faɗa ba. Wata mai fura takan yi ta ihu tun labari bai yi nisa ba: "Mahaucin ne ɓarawon! Wallahi mahaucin ne!" Mahautan kasuwa su ce, "Ke Iya, mi munka yi miki?" Wani tsoho kuwa kullum ƙorafi ya kawo shi.

"Kai yaro, Barmon nan naka ba ya salla ne? Tun hantsi yana gudu."

"Ya yi a hanya, dattijo."

"A hanya ina? Ni ina nan, ban gani ba."

A yi dariya, shi kuma kasuwa mai zuwa shi ne na farkon zama. Waɗansu har Mayahi suke bina don kada wani yanki ya wuce su.

Wata rana wani fatake ya tashi ya manta jakar dabinonsa. Na gani, na ja ta da ƙafa ƙarƙashin buzun da nake zaune. Ba yunwa nake ji ba. Na ga dai babu mai kallon hannuna, kowa bakina yake kallo. Mutum ɗaya ya gani, wani dillalin dabbobi mai suna Tanko. Da aka watse ya zo ya zauna kusa da ni.

"Abokina, kai kana riƙe da kunnuwa. Bari ni in riƙe igiya."

Na ce ban gane ba, alhali na gane. Muka shirya. Ina tsakar labari, shi ya kwance dabba a bayan taro ya kai ta cikin sabara ya ɗaure. Kafin mai ita ya farga na rufe labari, na zagaya, na ja ta. Ni na san yadda ake kashe sawu. Sai in bi da ita burtalin rijiya inda garke ya tattake, in hau faƙo, wannan ƙasa mai tauri da ba ta ɗaukar sawu, in fita ta wani gefen. A kasuwannin nesa muka fara, inda ba a kiran Baba. Da muka ga babu abin da ya biyo baya, muka matso gida.

A kasuwar Mayahi muka ɗauki jakin wani mai tukwane. Aka aika wa Baba. Ni ina cikin masu rakiya, fuskata kamar ta kowa. Ya bi sawu har burtali, ya tsince shi a cikin na shanu, ya kai bakin faƙo. Nan ya tsuguna. Ya daɗe. Sakaina na hannunsa, bai kife ba. Da ya miƙe sai ya ce, "Sawu ya ɓace."

Ba a taɓa jin wannan magana a bakinsa ba. Mutane suka dubi juna. Wani ya ce tsufa ne, ido ya fara tafiya.

Da la'asar na same shi a zaure yana gyaran igiya. Bai ɗaga kai ba.

"Kai. Labarin nan naka, ya ƙare?"

"Da saura, Baba."

"Ƙare shi."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na fahimta sarai. Amma abin da na ɗauka daga ciki shi ne Baba ba zai tona ni ba, kuma tunda shi kaɗai ne zai iya, ba ni da abin tsoro. Wannan tunani ya fi satar muni, kuma nawa ne, ba na Tanko ba.

Bayan kasuwa uku muka ɗauki takarkarin wani Bafulatani mai suna Buba, a kasuwar garinmu. Da wannan sa iyalinsa suke ɗebo ruwa, da shi suke ƙaura. Aka kira Baba. Ni a lokacin na riga na wuce faƙon arewa da sa, na sauka wani kwari ina jiran Tanko. Abin da ya faru a bayana, daga baya aka faɗa mini.

Baba ya kai bakin faƙo, ya sake cewa sawu ya ɓace. Sai Ɗan Ladi wanzami ya ce, "Baba, gafarta mini. Barmo ba ya tsayawa nan. In sawu ya mutu a faƙo, zagayawa yake yi, ya nemi inda ya fita."

Mai fura ta ce, "Haka ne! Sau biyu ya yi haka!"

Ni na koya musu, da bakina, kuma daga Baba na ji shi. Suka rabu biyu suka zagaya faƙon. Suka sami sawun sa, da na mutum a gefensa mai yatsu huɗu a hagu. Baba bai bi su ba. Suka iske ni zaune da igiya a hannu. Babu wanda ya doke ni. Tsohon nan mai ƙorafi ya dube ni ya ce, "Ashe kai ne. Ni ko mahauci na zata." Ba wanda ya yi dariya. Tanko ya ji labari ya yi gabas, ban sake ganinsa ba.

Aka kai ni gaban alƙali a Tasawa. Ban musa ba. Sai alƙali ya sa aka kira Baba.

"Ka gane sawun tun a Mayahi?"

"Na gane, Allah shi gafarta malam."

"Don mi ka ce ya ɓace?"

"Ƙarya na yi."

Shekara talatin yana bin sawu babu wanda ya taɓa kama shi da ƙarya, ranar nan ya faɗi haka da bakinsa a gaban jama'a. Buba ya ce tunda sansa ya komo, ba ya son a taɓa hannuna, saboda Baba ya taɓa nemo masa shanu. Aka sa mini mari a ƙafa aka kai ni gidan yari.

Damina biyu na yi. Ba zan tsawaita a kan wurin ba, wuri ne na ƙwarƙwata da zafi. 'Yan sarƙa suka ji ni ne mai Barmo, suka yi ta roƙo in ƙarasa musu. Ban iya ba. Inna ta aiko mini da saƙo sau ɗaya, cewa ba a ƙara kiran Baba bin sawu ba. Ko akuya ta ɓata, wani ake nema a Mayahi. Yana zaune a zaure. A damina ta biyu ya rasu, ban ji ba sai bayan an yi kwana arba'in.

Da aka sake ni na taka har gida. Inna ta ba ni ruwa, ta yi kukanta ta share. Sannan ta kai ni zaure, ta nuna mini lungu kusa da ƙofa, inda ba a takawa. Akwai sakaina a kife, an ɗora mata dutse.

"Ranar da ka fita ba ka komo ba ya kife shi. Ya hana a share wurin."

"Mi ya ce, Inna?"

"Ya ce wanga ne bai ƙarasa bi ba."

Na ɗaga. Sawu na nan, gefensa ya ɗan zube, yatsu huɗu. Na mayar da sakainar yadda take.

Na je wurin mai tukwane na yi masa noma har ya ce ya yafe. Na je wurin Buba na roƙe shi gafara. Waɗanda muka cuta a nesa ban san su ba, na bar wa Allah, ina roƙonsa gafara. Yanzu noma nake yi. Har yau akan tare ni a kasuwa a ce, "Wai Barmo ya kama ɓarawon nan kuwa?" Sai in ce ya kama.

Ku samari, ba yunwa ta sa ni sata ba. Na ga mutane sun ba ni kunnuwansu sun manta da kayansu, sai na ɗauka wayo ne. In mutum ya sake jiki yana sauraronku, amana ya ba ku, ku riƙe ta. In kuma kuka ga babba ya rufa muku asiri, kada ku ce kun tsira. Ku tambayi kanku da me ya rufe. Ni Baba da sunansa ya rufe nawa, kuma ya faɗa mini sau ɗaya in ƙare, ban ƙare ba. Ku ku ƙare tun yana zaune a zaure.