Sallama Biyu a Ƙofar Haladu

Rana ta farko: Kazaure zuwa Roni

Ƙarfe shida saura kwata na fito daga gida, ana idar da sallar asuba, jaka a hammata, gari bai gama wayewa ba. An yi ruwa kafin asuba, ƙasa ta yi laushi. Takardu iri biyu ne a jakar. Na farko, jerin sharuɗɗan sabon rukunin da ƙungiyarmu ta haura, wanda aka ce in karanta wa magoya baya na Roni da Gwiwa da Babura. Na biyu, ambulan guda ɗaya mai ruwan ƙasa, da sunan Haladu, kyaftin ɗinmu da ke zaune a Babura, a bayansa.

Ga wanda bai san mu ba: Kurna Biyu ƙungiyar ƙwallo ce ta nan Kazaure, ta ci sunan itatuwan kurna biyu da ke bayan ragar gabas a filinmu. Shekara goma sha ɗaya muna ƙaramin rukuni, sai bana muka haura, da ƙwallon da Haladu ya ci da ka ana saura minti huɗu a tashi. Ni ne sakataren magoya baya, muƙamin da ake ba duk malamin makarantar da ya yi ritaya matuƙar bironsa na rubutu.

Sati uku bayan murna aka kawo sabon koci daga birni. Ya kalli atisaye na kwana biyu, ya ce ƙafar Haladu ta yi nauyi, ba za ta iya gudun da ake yi a sama ba. Ciyaman ɗin ƙungiya ya kira ni ya ce, "Malam, kai ka koyar da shi, daga hannunka zai fi jin sauƙi." Ban san a wane littafi ya karanta cewa allura ta fi daɗi a hannun ɗan'uwa ba. Ni aka sa na rubuta takardar. Na yi yini guda ina neman kalma. "Kora" ta yi kaushi, "hutu" kuma ƙarya ce. Na tsaya a kan "sallama". Shekara talatin ina gaya wa yara cewa kalmar nan fuska biyu gare ta: da ita ake shiga gidan mutum, da ita kuma ake raba shi da aikinsa. Ban taɓa zaton za a aike ni da duka biyun zuwa ƙofa ɗaya ba.

Ɗan acaba ya ce dubu ɗaya da ɗari biyar, muka daidaita a dubu da ɗari biyu. Rabin awa muka yi. Bakwai saura ina Roni.

Roni

A teburin mai shayi na tarar da su, mutum kamar goma sha biyar, Sule mai faci a tsakiya. Sule ne ke buga mana ganga ranar wasa, kuma tun ranar da muka haura muryarsa ba ta dawo daidai ba.

"Ranka ya daɗe, ga manyan ƙasa!" in ji shi. "A ba Malam shayi mai kauri, yanzu mu ba ƙananan mutane ba ne."

Na sa tabarau na karanta. Fili sai mai katanga. Sai da ɗakin canza kaya. Sai da motar asibiti a gefe. Shiga sai da tikiti. Filinmu ba shi da ko ɗaya daga ciki. Abin da yake da shi inuwa ce, ita kuwa ba ta cikin jerin. Don haka wasanninmu na gida a babban filin birni za a riƙa bugawa, tafiyar awa biyu da wani abu.

Sule ya ajiye kofinsa.

"Malam, maimaita," in ji Sule. "Wasan gida?"

"Haka aka rubuta."

"Wane irin gida ne wannan da sai an yi masa guzuri?"

Wani tela ya ce ai ko ba komai yanzu za a riƙa kiran sunanmu a rediyo. Wani dattijo mai sayar da gyaɗa ya ce e, za a kira, tare da yawan ƙwallayen da aka zura mana. Ya ce shi ya taɓa kallon wasan wannan rukuni da idonsa. "Can ƙwallo ba ta jiran kowa. Nan in an ba ka ita ka tsayar, ka ɗaga kai, ka gaisa da jama'a. Can kafin ka ɗaga kan an wuce ka." Tela ya ce tsoro ne. Dattijo ya ce lissafi ne. Aka yi ta yi har shayina ya huce.

Sule ya rufe taron da dukan tebur. "Ko a duniyar wata za a buga, in dai Haladu na tsaye a baya, ni ban ji tsoron kowa ba."

Kowa ya ce haka ne. Na matse jakata na ce rana na yi.

Gwiwa

Goma da kwata na hau wani babur ɗin. Ruwa ya ci wani sashe na hanya, sau biyu na sauka na taka da ƙafa ina riƙe da bakin riga. Sha ɗaya da rabi muka shiga Gwiwa, na tarar ranar kasuwa ce, kekuna da babura sun cika ko'ina.

Mai masaukina Malam Iro ne, wanda muka yi koyarwa tare tun muna da baƙin gashi. Yana gani na ya ce, "Tsoho, har yanzu ba a karɓe jakar nan a gidan tarihi ba?" Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, na ci fiye da yadda mai ɗauke da irin saƙona ya kamata ya ci.

Bayan la'asar magoya baya suka taru a ƙofar gidansa. Maganar katanga ba ta dame su kamar mutanen Roni ba, don su dama ko Kazaure tafiya ce. Abin da ya tsaya musu shi ne labarin za a kawo sababbin 'yan wasa takwas daga nesa.

"To sunan wa za mu riƙa kira?" in ji wani mai gyaran keke. "Mu da in yaro ya ɓarar da ƙwallo har kakansa mun sani, mu ce gado ne. Baƙo in ya ɓarar me za ka ce masa?"

Aka yi dariya kaɗan, ta mutu da wuri. Malam Iro ya ce shi abin aji yake tuna masa. Sau nawa muka ƙara wa yaro aji don ya yi ƙoƙari, muka koma gefe muna kallon ajin yana haɗiye shi? Wani ya ce to da mu zauna a ƙasa har abada? Malam Iro ya ce bai ce ba, shi dai ya san ranar da aka fi murna a makaranta ita ce ranar ba da sakamako, ranar da aka fi kuka kuma ita ce satin farko na sabon zango.

Da muka dawo daga magariba ya ga ina gyara jaka, idonsa ya faɗa kan ambulan. Malamin makaranta ba ya buƙatar a buɗe masa ambulan mai ruwan ƙasa.

"Na wa?"

Na juya masa bayansa ya karanta. Ya ɗago ya dube ni.

"Ka kira shi a waya mana, ka huta."

"Shekara goma sha ɗaya, Iro. Ba a yi wa irin wannan a waya."

"To ka yar a rafi, ka ce ruwa ya ci."

"Ciyaman na da kwafe."

A ɗakin zaure na kwana, kan katifa, cikin gidan sauro mai ƙofofi fiye da ɗaya.

Rana ta biyu: Gwiwa zuwa Babura

Babu hanyar Babura sai an koma ta Kazaure. Bakwai na tashi, takwas da 'yan mintoci na wuce ta bakin lungunmu. Ban shiga gida ba. Na san in na cire takalmi ba zan sake sa shi ba ranar.

Bas ta cika tara da minti ashirin, dubu uku kujera. Na samu gaba, kusa da direba, Bala, wanda ya ga hular ƙungiya a kaina ya rage rediyo.

"Baba, wurin kyaftin za ka? Wallahi mutumin nan ba ya wasa. Kullum in na yi lodin farko ina ganinsa a gefen titi, ya ɗaura tsohuwar taya a ƙugu yana ja da gudu. Na ce masa, kyaftin, ai an gama, kun haura. Ya ce yanzu aka fara."

Na ce Allah ya taimaka. Na juya ina kallon gero, wanda bana ya yi kyau ba tare da ya nemi shawarar kowa ba.

Kusa da Babura akwai shinge. Jami'in ya leƙo, ya tambayi abin da ke jakata, na ce takardu. Ya ga hular, ya yi murmushi, ya ce, "Ku ne Kurna Biyu? A gai da mai kan nan da ya ci muku ƙwallon haurawa." Ya ɗaga mana hannu. Na so a ce ya karɓe jakar.

Sha ɗaya da kwata muka sauka. Na karanta wa mutanen Babura sharuɗɗan a rumfar wani mai canjin sefa, kuɗin Nijar, a gurguje. Shi mai rumfar ya ce ya gane: haurawar nan irin sana'arsa ce, ka zo da dami a miƙo maka 'yan ganye, a ce maka darajarsu ɗaya.

Gidan Haladu

Ana kiran azahar na tsaya a ƙofar zauren na yi sallama. Shi da kansa ya amsa, dawowarsa ke nan daga gona, ƙasa har gwiwa. Ya durƙusa.

"Malam! Da kanka? Ai da ka aiko na zo."

Muka yi salla, ya shimfiɗa tabarma, aka kawo fura mai sanyi. Tayar na jingine a bango, igiyarta a naɗe. Bai bari na fara ba. Ya ce ya yi ta tunani a kan sabon rukunin. Ya san 'yan gabansu sun fi shi gudu, don haka ba zai yi tsere da su ba. Zai riƙa ja baya taki biyu tun kafin a bugo. Ya zana mini da yatsa a ƙasa. Zanen daidai yake, wannan ya fi komai ciwo.

Na ajiye ludayi na ciro ambulan.

Ya karanta sau biyu, yana bin layi da yatsa, abin da na hana shi tun aji uku.

"Rubutunka ne, Malam."

"Nawa ne."

"Babu kuskure ko ɗaya."

Ya tashi ya shiga cikin gida. Na ɗauka ba zai fito ba, kuma da ban ga laifinsa ba. Sai ga shi da kambun kyaftin, wankakke, a ninke. Ya ajiye a gabana da hannu biyu.

"Duk wanda za a ba, a gaya masa Ado mai tsaron hagu ba ya ji sosai da kunnen dama. Ba ya so a sani. In za a yi masa magana a fili, sai dai a ɗaga hannu. Shekara shida ni kaɗai na sani."

Na rubuta a bayan jerin sharuɗɗan.

"Ranar wasan farko, Malam, za su bar ni in shiga, ko sai na yanki tikiti?"

Amsar na cikin jakata, sharaɗi na huɗu. Na ce zan tambaya.

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya ɗan yi murmushi, irin na ɗalibin da ya tuna amsa bayan an karɓe takardun jarrabawa.

"A aji huɗu ka ce mana duk wanda aka yi wa sallama wajibi ne ya amsa. Ta farko na amsa a ƙofa." Ya dafa aljihun. "Wa alaikumus salam, Malam."

Komawa

Shi ya ɗauko mini jaka har tasha, ya hana ni riƙewa. Uku da rabi muka tashi, da wani direban da ba ya kallon ƙwallo, na gode wa Allah da hakan. Biyar da rabi na sauka Kazaure. Na bi ta filinmu da ƙafa, ko da yake ba hanyata ba ce. Awaki na kiwo a tsakiyar fili, kurnoyin nan biyu na nan inda suke, ba a sanar da su cewa gida ya tashi ba.

Na iso gida lafiya kafin magariba, alhamdu lillahi. Ina godiya ga Sule da mutanen Roni saboda shayi, ga Malam Iro saboda tuwo da shawarar da ban ɗauka ba, ga Bala direba saboda labarin da ban so ji ba. Ga Haladu kuwa ban san kalmar da zan yi amfani da ita ba, ni da aka aika don na iya zaɓen kalma. Kambun na nan a jakata, gobe zan kai wa Ciyaman. Tikiti biyu zan yanka ranar wasan farko.