Koren Zare a Bakin Mayafi

A shekarun da nake magana, babu telar mata a Bauchi da ba ta da mujallar nan ta ado a kan teburinta, gefen shafukan duk ya yi baƙi saboda yatsu. Mace za ta shigo, ta buɗe, ta ɗora yatsa ta ce, "Irin wannan." Editar mujallar mace ce da yawancinmu ba mu taɓa gani ba, amma ita ke yanke mana kalar Sallah. In ta ce ruwan goro, duk wanda ya saro shuɗi a Kasuwar Muda Lawal sai ya shekara da kayansa. Ni da talla gida-gida na fara a unguwar Ɗan Iya, ƙunshin atamfa a ka, kafin Allah ya ba ni shago. Don haka na koyi karanta matar nan kamar yadda manomi ke duban hadari.

Akwai wata dattijuwa a unguwar Gwallaga da nake ce wa Yaya, ba don mun haɗa jini ba. Lokacin talla, a ɗakinta nake sauke kaya in yi azahar, ta zuba mini abin da ta dafa. Sana'arta surfani a bakin mayafi, da hannu, kuma zanen nata ne, ba ta koya wurin kowa ba. In ta gama, takan yi ɗinki uku da koren zare a kusurwar ciki, inda ba mai gani. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, "In ya dawo gyara, in gane ɗana." Da na samu shago, ni ke sayar mata.

Wata rana editar ta zo Bauchi biki, aka zagayo da ita kasuwa har shagona. Gajeriya ce, mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ba ta kallon fuskar kaya, juya shi take yi ta duba bayansa. Ta ɗauki mayafin Yaya ta juya, ta ɗauki na biyu, ta juya.

"Hajiya, wa ya yi wannan?"

"Na shagona ne, ranki ya daɗe."

"Na ga a shagonki yake. Hannun wa?"

Ba zan ce bakina ne ya suɓuce ba. Na yi tunani sosai, cikin ƙiftawar ido. In na ambaci Yaya, gobe da safe duk 'yan layinmu suna ƙofar gidanta, ga shi allura ɗaya ce da hannu biyu. Sai na ce, "Ina da yara masu yi mini."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce wa mai hotonta ya ɗauka.

Shafi biyu ta ba ni, da sunan shagona a sama. Waya ta hana ni sakat, daga Gombe, daga Jos, har Abuja. Yaya kuwa kwana huɗu take yi kan mayafi ɗaya. Na kwashi zanenta na kai wa masu keken surfani, suka riƙa fitar da shi dami-dami. Na rage zuwa Gwallaga. Ba abin da ta yi mini, zaman tabarmarta ne ya gagare ni.

Shekara ta zagayo, editar ta rubuta layi ɗaya: surfanin baki ya wuce, mayafi marar ado ake yayi. Shi ke nan. Ni na hango abin tun da wuri, na sayar da nawa kaf. Yaya ce ta kwana ciki. Tsofaffin masu kawo mata aiki ma suka janye. Wata maƙwabciyarta ta zo sayen leshi, ta ce mini tana dariya, "Tsohuwar nan fa har yanzu tana kwaikwayon naki, an gaya mata an daina."

Ranar na nemi lambar editar na kira, na faɗa mata gaskiya, na roƙe ta ta gyara ko da layi ɗaya ne.

"Na sani tun ranar," in ji ta. "Hannu ɗaya ne ya yi su, kuma ba hannun yarinya ba. Sau biyu na tambaye ki. Yanzu in sa sunanta a kan abin da na ce ya wuce? Wa zai taimaka?"

Na hau Keke Napep na nufi Gwallaga. Na sami Yaya a bakin ƙofa tana neman haske, idonta ya fara rauni.

"Yau kuma ɓatan hanya kika yi, Hajiyar mujalla?"

Kafin in buɗe baki ta jawo gwangwanin zarenta, ta fito da shafin mujallar a ninke. Ta nuna mini ƙasan hoton. An naɗe kusurwar mayafin kaɗan, ga koren zaren nan, ɗinki uku. Sau nawa na kalli hoton nan ban lura ba.

"Matar nan ta san aiki," in ji Yaya. "Da gangan ta juya shi."

"Yaya, ta tambaye ni. Ni na ce yarana ne."

"To da wa zai ce, in ba ke ba?" Ta miƙo mini allura. "Zura mini, ƙanwata, tun ɗazu nake fama."

Na zura. Ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta bar duniya, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mayafinta ɗaya na rataye a shago, kusurwar a juye. Na yi alkawarin duk wanda ya tambayi hannun wa, zan faɗi sunanta da unguwarta. Shekaru ke nan, babu wanda ya tambaya.