Koren Lauratu da Ya Iso Shuɗi

A Karaye idan aka ce “Lauratu ta duba,” an gama magana, sai a kai wa tela. Ba wani kyau ne da ita ba, Allah na gani, ko tana budurwa babu saurayin da ya taɓa tuntuɓe don kallonta. Karatu kuwa sai da furfura ta gama cin kanta ta shiga ajin tsofaffi a Islamiyya. Abin da Allah Ya ba ta ido ne, idon launi.

Ubanta marini ne a Kurugu. Tun tana kai masa tuwo bakin karofi take gaya masa wane zane ne ya sha baba, wane ne sai an mayar. Da aka kawo ta Karaye aure, sai mata suka gano ta. Biki, suna, walima, duk inda za a yi anko ita ake ɗora wa mota zuwa Kantin Kwari, kasuwar atamfa. Dubanta uku ne ba ta ragewa. Ta kalli atamfa a inuwa, ta fita da ita rana, sannan ta jiƙa gefenta da yawu ta murza a farin ƙyalle ta ga ko tana zuba. Kuma tana da doka: ba a sa wa zane almakashi sai ya kwana ya ga hasken safiya. Shekara talatin tana haka. Miji ya rasu, haƙora suka fara bin sa ɗaya bayan ɗaya, idon nan bai motsa ba.

Gwiwa ce ta fara cin amanarta. Hawa mota ya zama sai an tura ta ta baya kamar buhun gyaɗa. Sai ’yarta Mubina, wadda ke aure a Zoza, ta ce, “Inna, yanzu fa ba a zuwa Kwari, Kwari ce ke zuwa. Ki sayi babbar waya a dinga turo miki hoto.”

Lauratu ta sayar da tunkiyarta, ta ja ƙawarta Tasalla, wadda tare suka tsufa kuma tare suke zagin mutane, suka nufi rumfar Ɗanmaliki mai waya a kasuwa. Ɗanmaliki jikan wata ƙawarsu ne, don haka tun daga nesa ya fara.

“Ga matana biyu sun zo! Yau da wa zan fara, uwargida ko mai goro?”

“Rufe mana baki, mijin da ko cefane ba ya yi. Waya nake so, mai sauƙi, wadda take nuna zane.”

Ya zaro wata daga kwali. Faɗinta ya kai tafin hannun manomi, bayanta na sheƙi kamar sabuwar samira, idan aka juya ta sai ta canja daga ruwan hoda zuwa ruwan toka. Ido uku ne a bayan, manya-manya.

“Duk ukun suna gani?” in ji Tasalla.

“Tsakani da Allah ɗaya ne ke aiki, biyun ado ne.”

“Kamar ’ya’yan gidanku ke nan.”

Ya nuna musu tana cin layi biyu, tana da fitila da rediyo, caji ɗaya kuma ya kai ta kwana uku. Ya ce a gefenta akwai wurin da ake dangwala yatsa ta buɗe. Lauratu ta dangwala, waya ta yi shiru. Ta goge a zane ta sake, shiru. Ɓarar gyaɗa da wanki sun cinye zanen yatsan tas. Ƙarshe dai aka bar wayar a buɗe kamar zauren mai unguwa.

A fuskar wayar akwai wata siririyar leda da ta zo da ita daga kamfani, har da rubutun boko a gindinta. Ɗanmaliki ya sa farce zai ɓare. Lauratu ta make hannun.

“Me za ka yi?”

“Cirewa ake yi, Iya.”

“Ka cire wa uwarka. In sayi abu sabo ka mayar min da shi kwance tun ban fita rumfarka ba?”

Wanda ya san ɗakin Lauratu ba zai yi mamaki ba. Katifarta shekara tara tana cikin ledarta, idan ta juya sai maƙwabta su ji. Agogon bango na cikin leda, fulas na cikin leda, har rediyon marigayi. A wurinta ranar da aka cire wa abu leda ranar ya fara mutuwa. Aka bar mata ledarta.

Wayar ta zauna a ƙugun zane tare da goro. Da ita ake shiga madafi, a ajiye ta gefen murhu tana karanto labarai hayaƙi na bi ta kanta. Hannun da ya taɓa manja shi ke shafa ta, yatsan da ya sha lalle shi ke latsa ta. Kullum kaɗan-kaɗan, yadda mai ita ba za ta lura ba.

Abin da ta fara lura da shi jikarta ce. Mubina ta kira ta kiran bidiyo ta ɗago jaririyarta Nuriyya. Lauratu ta kusanto da wayar, ta nesanta, ta shiga ƙarƙashin mayafi da ita, don fuskar wayar ba ta ganuwa a rana.

“Ke, yarinyar nan shawara ce da ita. Dubi idonta kamar ɗorawa.”

“Inna, lafiyarta ƙalau fa.”

“Ke ma ga ki nan rawaya. A nono ta sha.”

Washegari aka ba direban motar Rogo ƙullin saiwoyi ya kai Zoza. Mubina ta sha ɗaci wata biyu, duk kiran da aka yi kuma sai Inna ta ce abin ƙaruwa yake. Har mijin Mubina da ya leƙo gaisuwa sai da aka ce shi ma ya kamu.

Ana nan sai ajin tsofaffi suka kai sauka. Mata ashirin da uku, Lauratu a ciki, Tasalla a ciki duk da malamar ta ce rabin nata haddar hamma ce. Aka tsayar da walima, aka ce anko kore, kore shar irin na ganyen dawa da damina. Wa zai zaɓa? Tambayar ma ba a yi ba.

Zaharaddini mai shagon atamfa a Rogo, wanda ke sarowa daga Kwari, ya jera turame biyar ya ɗauki hotonsu ya turo. Lauratu ta shiga ƙarƙashin mayafi ta duba, ta danna ta yi masa saƙon murya.

“Na uku daga sama. Shi za ka kawo, ashirin da uku.”

Amsa ta dawo cikin ladabi. “Iya, barka da yini. Na ukun fa shuɗi ne, sararin samaniya. Koren shi ne na ƙarshe.”

Ta sake dubawa. Na ukun kore ne shar, har da sanyinsa. Na ƙarshen kuwa wani abu ne kamar miyar kuka da ta kwana.

“Zaharaddini, ranar da aka yanke maka cibiya ina tsaye. Ni za ka koya wa launi? Ubanka ma da ya buɗe shagon ni nake raba masa ruwan hanta da ruwan ƙasa. Na uku na ce.”

Yaron kirki, sai ya ce, “Allah Ya huci zuciyarki, Iya.”

Kaya suka iso saura kwana takwas walima. Aka taru a tsakar gidan Lauratu, aka yanke igiya, aka buɗe. Shuɗi. Shuɗi garau, irin na sama bayan an ɗauke ruwa. Akuya na gefe tana tauna bawon rogo.

Tasalla ce ta fara. “To, Alhamdu lillahi. Bana dawa shuɗiya ta fito.”

Lauratu ta zaro waya ta ɗora a kan turmin atamfar. A cikin waya kore, a ƙarƙashin waya shuɗi. Zanen fure ɗaya, ganye ɗaya, har tambarin kamfani ɗaya. Ta ce an musanya mata, sai ta ga ai furen bai canja ba. Ta ce rini ne ya juye a hanya, sai ta tuna ita ’yar marini ce, ta san ba a haka. Ta ɗaga kai ta kalli darbejiyar gidan, koriya. Ta kalli sama, shuɗiya. Ta rufe ido ɗaya, ta rufe ɗayan. Ta miƙa wa Tasalla wayar.

“Wane launi ne wannan?”

“Ni da ko miji sai da murya nake gane shi? Kore ne mana.”

“Wannan fa?”

“Shuɗi.”

“To ai abu ɗaya ne!”

“Ke kika sani. Ni dai an ce in zo da kuɗin ɗinki.”

Wata daga baya ta ce a hankali, amma yadda za a ji, “Tsufa dai ba ya barin kowa. Da yarinyar nan ’yar Safiyatu aka ba wa, ta iya waya.”

Wannan maganar ce ta zauna wa Lauratu a ƙirji. Ba ta da gona, ba ta da shago, sunan nan kaɗai ta tara. Ta ce kowa ta tafi, kada wadda ta taɓa turmi ɗaya, dokarta tana nan, zane sai ya kwana.

Kwana biyu tana gwada kanta. Ta rambaɗa kwalli har ta koma kamar mage. Ta jera murafan kwano ta kira launinsu ɗaya-ɗaya, duk ta ci. Ta ɗauke su hoto, sai farin ya zama ruwan ƙwai, jan ya zama ruwan goro. To wane idon ne nata, mai ganin kwano ko mai ganin hoto? Kuma idan idon ya lalace, me ya sa sai ya ga waya yake tuna ya lalace? Har ta fara zargin idanu biyun nan na ado da ke bayan wayar, ko su ne ke kallon wani abu daban.

Rana ta uku ta saɓa turmi ɗaya, ta ja gwiwa zuwa kasuwa, Tasalla na biye don kada a yi abu ba ta.

“Mijin banza, fito. Ko wayarka maƙaryaciya ce, ko ni na makance. Yau sai ka faɗa min wanne.”

Ɗanmaliki ya karɓa, ya juya ta, ya shinshina. “Iya, wannan waya ce ko tukunyar miya? Har yanzu ledar nan na nan?”

“Ka taɓa ta ka gani.”

“Kusurwa ɗaya kawai zan ɗaga. In ba ki ga komai ba in mayar miki, in kuma sake ki saki uku ki huta.”

Ta kalli ledar, ta kalli atamfar. Sannan ta ture hannunsa ta sa nata farcen. Ta ja a hankali, fuskarta a yamutse kamar mai cire ƙaya, har ledar ta kai rabi.

Hoton ya rabu biyu. Sama, inda aka ɓare, turmi na uku shuɗi garau. Ƙasa, inda leda take, kore shar. Ta mayar da ledar, ya koma kore. Ta ɗaga, shuɗi. Sai da ta yi haka sau biyar. Ta fizge ledar gaba ɗaya ta ɗaga ta sama, ga ta nan rawaya kamar an tsoma a ruwan ɗorawa: goro, manja, lalle da hayaƙin wata shida. ’Yar marini ba ta bukatar a gaya mata abin da rawaya ke yi idan ta hau shuɗi.

“Ashe rini na yi,” ta ce. “Ni da hannuna na rina wayar.”

“Jinin gida ai ba ya ɓuya,” in ji Tasalla. “Sai ki kira Zoza ki ce su daina shan itace.”

Aka kira. Nuriyya ta bayyana baƙa sumul, idonta fari tas. Lauratu ta ce, “Kin gani ko? Maganin ya yi aiki.”

Washegari da sassafe aka tura Lauratu cikin motar Rogo ta baya, ita da turame ashirin da uku da almakashi bai taɓa ba. A ƙofar shago Zaharaddini ya durƙusa zai gaishe ta.

“Tashi. Na ukun shuɗi ne.”

“Haka ne, Iya.”

“To me ya sa ba ka dage ba? Namiji da kai, tsohuwa ta yi maka tsawa sau ɗaya ka naɗe?”

Ya karɓi kayansa yana dariya ƙasa-ƙasa, ya sauko da koren. Ta kalle shi a inuwa. Ta fita da shi rana. Ta jiƙa gefe da yawu ta murza a farin ƙyalle, ƙyalle ya fito fari. Ta ce, “Wannan.”

Ranar walima mata ashirin da uku suka jeru kore shar kamar gonar da ta sha taki. Wadda ta yi maganar ’yar Safiyatu ce ta fara matsowa, wai bikin ƙanwarta na tafe, ko Iya za ta duba musu. Lauratu ta ce za ta duba, amma a kawo mata ƙyalle a hannu, hoton ya biyo baya.

Tsohuwar ledar tana nan a ninke cikin kwalla, ba ta yar ba. Abin da har yau bai shige ta ba shi ne, kafin ta bar rumfar Ɗanmaliki ran nan ya manna wa wayar wani gilashi, ya ce wannan kuma kada ta kuskura ta cire. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta tare shi da maganar. Waccan a cire, wannan kar a cire, kuma duk a fuska ɗaya. Ta ce idan akwai wanda ya gane, ya zo ya duba mata ledar katifa.