Baba Lazarus da Motar da ke Mutuwa a Gaban Soja

Kullum ƙarfe bakwai na safe Baba Lazarus yana bakin garejinsa a Bolari. Zai share gindin darbejiya, ya jera sifanoninsa a kan buhu daga ƙarama zuwa babba, sannan ya zauna a tsohuwar kujerar mota yana kurɓar kunun gyaɗa. Shekara talatin da shida ke nan, ba fashi sai Lahadi. In ka kawo masa mota kana sauri, to saurinka ya ƙare a nan. Ba zai taɓa sifana ba sai ya tsare ka da tambaya kamar alƙali: yaushe take yi? Da sanyin safiya ko in ta ɗau zafi? Da kaya ko wayam? Wallahi wata rana ji za ka yi kamar ka shaƙe shi. Shi ya sa 'yan Bolari suka laƙaba masa Sai-gobe. Ga shi yanzu ido ya fara yi masa gardama, ƙarshen watan nan zai tattara ya koma Kaltungo, kuma har yau ban ji wanda ya ce a taru a yi masa ko da sannu ba. Haba mutanen Gombe! Wajen sa wa mutum suna ba a fi mu ba, wajen godiya kuwa baki ya mutu.

To ku tambayi Malam Rabe na Shamaki. Direban a-kori-kura ne, wake da masara yake ɗaukowa daga Kumo. Shekarar da bam ya riƙa tashi a tashoshin mota, aka kafa shingen bincike a kowace mashiga, aka gitta gungume a kan kwalta, sai motarsa ta ɗauko wani mugun hali. Tana cikin tafiya lafiya lau sai ta ɗauke wuta, tsit. A murza makulli, ko tari ba ta yi. Sai an tura ta gefe an gaji, can ta tashi kamar ba ita ba. Jefi-jefi takan yi haka in ta faɗa rami, amma inda ta fi so shi ne kan gungumen shinge, a gaban soja.

Wanda bai zauna garin nan a lokacin ba zai ce mene ne a ciki. A kwanakin nan, mota ta mutu a bakin shinge da buhuna a bayanta, kowa ya san abin da ake zato. Karo na uku da ta yi haka, masu talla suka watsar da farantansu, mutane suka ranta a na kare, aka sa Malam Rabe ya kwanta rubda ciki a kan kwalta, aka farke masa buhuna wake ya zube. Da aka ga ba komai, kofur ɗin wurin ya ɗago shi.

"Baba, mu ma 'ya'yan mutane ne," in ji kofur. "In motar nan ta sake mutuwa a nan, ba zan tsaya tambaya ba."

Ga hanyar Kumo guda ɗaya, ga iyali a gida suna jiran abinci. Malam Rabe ya shiga zagayen makanikai. Wannan ya ce famfon mai ne, aka canja. Wancan ya ce filogi da kwayil, aka canja. Batir ma bai tsira ba. Har aka sami mai cewa aljani ne a cikinta mai tsoron kaki, a nemo mai tofi. Kowa sai canji, sai ka ce a kasuwa suka koyi aikin! Ba wanda ya ga ciwon da idonsa, domin a hannun makanike ko sau ɗaya ba ta taɓa mutuwa ba. Da dabara ta ƙare, sai aka tuna da Sai-gobe.

Kwana uku motar tana hannun Baba Lazarus. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya duba kan batir, ya sauke tanki ya wanke. Ya shiga da ita lungunan Bagadaza, ba ramin da bai faɗa ba da gangan. Injin na ta waƙarsa, ko gezau. Ransa ya ɓaci ƙwarai, har aka ji shi yana yi mata faɗa shi kaɗai: "Munafukar banza! Ki mutu mana in gani!"

Rana ta huɗu Malam Rabe ya iso a fusace. "Baba Lazarus, gobe kasuwa fa. Ko dai gaskiyar mutane ce, sai goben?"

"Malam Rabe, mota ba ta san soja ba, ƙarfe ce," in ji Baba Lazarus. "In tana mutuwa a hannunka, ba ta mutuwa a nawa, to akwai abin da ke shiga motar nan tare da kai. Karɓi makullinka. Kai za ka tuƙa, ni ina gefe."

Malam Rabe ya karɓi ɗan makullin yana gunaguni. Sai ya cusa hannu a aljihu ya zaro wani dami na makullai, sun fi ashirin, har da na kwado manya-manya, ya saƙala na motar a jikin zoben, ya zura ya tayar. Baba Lazarus ya kalli damin nan yana lilo a ƙarƙashin sitiyari. Ba su yi nisa ba suka daki wani rami kusa da tasha, damin ya yi tsalle, mota ta ɗauke.

"Ka gani ko! Ka gani!" Malam Rabe ya murza, ya sake murzawa, shiru.

Baba Lazarus ya miƙa tafin hannu ya tallabe makullan. "Murza." Mota ta tashi. Ya sake su, ya ɗan kaɗa, ta mutu. Ya tallabe, ta tashi. Sau uku yana yi, sannan ya dafe kai.

"Kai, Malam Rabe! Kai, Malam Rabe! Nauyin nan ya cinye gidan makullinka, da ka hau tudu sai wuta ta yanke. Ni ina can ina wanke tanki kamar mahaukaci, ashe ciwon yana aljihunka! Kai mai gadin gidan yari ne? Don me ba ka taɓa ba makanike damin nan ba?"

"Yaya zan ba wani? Amana ce."

Ashe da gari ya rikice, Donatus mai sayar da kayan gini da wasu 'yan uwansa suka kwashi iyali suka tafi gida kudu, suka bar wa Malam Rabe makullan shagunansu da ɗakunansu. Shi kuma don kada su ɓata, ya haɗa su da abin da ba ya rabuwa da shi. In zai ba da mota gyara, sai ya cire nata shi kaɗai ya miƙa, ya mai da na mutane aljihu.

Da jin haka, Baba Lazarus ya bar faɗan. Ya ja tsaki kawai. A ranar ya sa sabon gidan makulli, ya yanko igiya ya zarge makullan amana, ya rataya wa Malam Rabe a wuya. Washegari kuma da sassafe sai ga shi a Shamaki, ya buɗe ƙofa ya zauna a gaba.

"Ina zuwa, Baba?"

"Shinge. In aikina bai yi ba, a same mu tare."

Da dawowa daga Kumo, baya cike da buhuna, kofur ɗin nan ya hango motar ya gyara riƙon bindiga. Malam Rabe yana salati, Baba Lazarus yana kiran Yesu ƙasa-ƙasa. Tayar gaba ta hau gungume ta sauka, ta baya ta hau ta sauka, injin bai ko yi tari ba. Kofur ya leƙo, ya dube su, ya ɗaga hannu suka wuce.

Baba Lazarus, kai ne makaniken da ba ya canja abin da bai kama da laifi ba. Kai ne ka sa ranka a kujerar gaba don ka tabbatar da aikin hannunka. Ka ɓata mana rai da tambaya, ka shanya mu a rana, mun yi ta mita, kuma duk wanda ya haƙura ya jira bai sake dawowa da ciwo ɗaya sau biyu ba. Mun gode, Allah ya saka maka, ya ba idon nan lafiya. Ku kuma masu kwance famfon mai tun mai mota bai gama sallama ba, don Allah ku je Bolari kafin wata ya ƙare, ku zauna ku ga yadda ake tambaya.

Shekaranjiya Baba Lazarus ya aika aka kira Malam Rabe. Ya ce in ya tafi garejin zai zauna a rufe har ya sami wanda ya yarda da hannunsa, ya ciro ɗaya daga makullan garejin ya danƙa masa. Malam Rabe ya karɓa da hannu biyu, idonsa ya cika da ƙwalla, ya nufi mota. Har ya buɗe ƙofa zai haɗa shi da makullin mota sai tsohon ya ɗaga murya, duk layin makanikai suna ji:

"A wuya, Malam Rabe! A wuya na ce!"