Inna Gudiya, Mai Zazzage Jakar Haihuwa

Kowace Talata, kafin hantsi ya ɗaga, Inna Gudiya ta riga ta share ɗakin haihuwa na wani ƙaramin asibiti a yankin Sabiyal, ta goge gadaje biyun da ke ciki, ta ɗora tukunyar ruwa a murhu. Aikin da aka ɗauke ta yi ke nan, kuma nan ya kamata ta tsaya. Ina! Sai ta ja tabarma gindin dalbejiya, ta miƙe ƙafa, tana bin cikin matan da suka zo awo da ido. Duk wadda ta shiga wata bakwai ba ta isa ta koma gida ba sai ta ajiye jakar haihuwarta a gaban Inna, an zazzage ta a bainar jama'a.

Shekara talatin da ɗaya tana wannan. Watan jiya ta yi ritaya. Gara kuma in faɗi gaskiya tun yanzu: ban taɓa gamuwa da mace mai ban haushi irinta ba.

To amma ku ga abin da ake kawo mata. Leshi, turare, kwalli, sabuwar atamfa mai tauri kamar kwali, wata har da takalmin fita suna. Sai Inna ta ɗaga leshin sama kowa ya gani, ta ce, "Ɗiyata, biki za ki ko haihuwa? Da wanga za a goge jinjiri?" Abin da take nema ba shi da wani kyan gani: tsofaffin zannuwa wankakku masu laushi, ledar shimfiɗa, sabulu, safar hannu, audugar mata, zaren ɗaure cibi, sabuwar reza a cikin takardarta, hula da rigar jariri, da katin awo. 'Yar Kuberi ce ta ƙasar Maiyama, cikin makiyaya ta tashi, saboda haka matan ruga ma ba su tsira ba. Faɗan da take yi da Hausa shi take yi da Fillanci, ba ragi.

Ni malamin firamare ne, ina ganin kaina wayayye. Lokacin da matata Salma take da cikin fari, sau biyu Inna tana maido mata da jaka. A karo na uku Salma ta dawo idanunta jajir, ta ce an kunyata ta gaban mata, wai babu reza, babu sabulu. Ni ne kuwa na ɗauke su. Na tashi gyaran fuska wata Juma'a, ban ga reza ba, na tuna akwai sabuwa a jaka. Sabulun ma haka ya bi. Na ce ai zan mayar.

Maimakon in ji kunya, sai na hau babur na nufi asibiti da fushina. Na same ta tana wanke bokiti. Na ce, "Inna, ke fa ba likita ba ce. Haihuwar nan da sauran wata biyu, kuma abu ne na Allah."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, ruwan sama ma na Allah na, amma na ga ka gyara rufin ɗakinka. In za ku kai albasa kudu, ranar lodi ku ka neman buhu?"

Na buɗe baki, ta riga ni. "Kuma gemun wanga naka ya sha gyara. Allah shi sa ba da rezar ɗiyanka ba."

Matan da ke kan benci suka tuntsire da dariya. Na juya babur ban yi sallama ba.

Talatar da ta biyo, Salma ta kai jakar a cike. Inna ta sake jera kayan da hannunta, sannan ta ɗauko basilla da zare ta ɗinke bakin jakar ruf, kamar buhun da za a ɗora a mota. Ta ce ko ina Salma za ta, ko gidan maƙwabta ne, jaka ta bi ta. Wata guda ina fama da jakar nan a bayan babur, abokaina suna tambaya ko hijira za mu yi. Allah ya sani, na yi ta tsaki.

Cikin Agusta aka yi rasuwa a dangin Salma a Kimba. Ta nace sai ta je gaisuwa, tana ganin da sauran mako uku. Muka ɗauki shatar motar Isiyaku. Da za mu dawo bayan azahar, gwaggonta Murjanatu ta biyo mu, domin ta ga Salma tana cije leɓe. Ni da wayona na ce wa Isiyaku ya yanke ta hanyar gonaki don mu yi sauri. Ruwa ya tsuge. Motar ta nutse cikin laka har gindin ƙofa, ba gaba ba baya, ba gida ko ɗaya a kusa. Nan faya ta fashe.

Na kira lambar asibitin da na kwafa a wayata daga bayan katin awo. Inna ce ta ɗauka. Ta ruga ta kira ungozomar asibitin, Malama Fa'iza, su biyu suka dawo kan waya. Abu na farko da Inna ta tambaya shi ne, "Jikka na nan?" Na ce tana nan. Ta ce, "Yanke ɗinkin."

Ni da Isiyaku muka fita cikin ruwa muka ba motar baya, na zura hannu ta taga ina riƙe da waya. Malama Fa'iza tana faɗa wa Gwaggo abin da za ta yi, Inna tana faɗa mata inda kowane abu yake. Leda ce a sama, sabulu da safar hannu suna ƙarƙashinta, sai zannuwa, zare da reza suna cikin hular jariri. Ashe bi da bi ta jera su, yadda za a buƙace su. Gwaggo ba ta yi lalube ko sau ɗaya ba.

Yaron ya faɗo bai yi kuka ba. Na ji Gwaggo tana salati. Malama Fa'iza ta ce a goge shi da busasshen zane, a murza bayansa da ƙarfi, a yar da jiƙaƙƙen a ɗauki wani. Ban san ko minti nawa aka yi ba. Sai ga wata 'yar ƙara, sannan ya tsala ihu. Aka ɗaure cibi wuri biyu, aka yanke tsakani, aka kwantar da shi a ƙirjin uwarsa da hularsa. Isiyaku ya durƙusa cikin laka yana kuka, shi da ba ɗansa ba.

Wani manomi ne ya zo da shanun huɗa ya ja mu. Da la'asar muka isa asibiti. Na ɗauka za a yi mini barka. Sai da aka duba uwa da ɗa, sannan Inna ta juyo kaina. "Wa yac ce ka bar kwalta da mai ciki cikin damana? Kai da ka karantar da ɗiyan mutane!" Na sunkuyar da kai. Yaron nan, Ridwan, yana aji uku yanzu.

Daga baya Salma ta gaya mini abin da Inna ta faɗa mata ranar da ta zo duba cibi. Ɗan Inna na fari a Kuberi, da tsohuwar reza aka yanke masa cibi, wadda aka zaro daga tsagar bango. Kwana shida bakinsa ya sarƙe, ya kasa kama nono, jikinsa ya sandare. Ana gobe suna aka rufe shi. Sau ɗaya ta faɗa, ba ta ƙara ba.

Inna, ke ce kika yarda a ce da ke masifaffiya, a ce kin cika shisshigi, muddin jinjiri zai kai ranar suna. Ke ce kika sha harara daga maza irina, waɗanda ba sa manta takin albasa amma sabulun haihuwa sai an bi su da faɗa. Uwar masu ciki, tsintsiya aka ba ki, kika ƙara wa kanki aikin da ba wanda ya sa ki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar sallamarta. Daga Aliero zuwa Jega, yara nawa ne aka goge da zanen da ta tilasta a kawo? Iyayensu maza nawa suka zo? Mu uku. Ofishin da ke sama ya aiko da takardar yabo, sunan ma ba a rubuta shi daidai ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta tambayi Malama Fa'iza wa zai riƙa duba jakunkuna. Talatar da ta wuce na leƙa, gindin dalbejiyar fayau, mata suna shiga awo suna fita hannu na dukan cinya.

Na gode, Inna Gudiya, a madadina da Salma da duk waɗanda girman kai ya hana su zuwa. Allah ya ba ki lafiya da hutun da ba ki taɓa nema ba, ya jiƙan ɗan da kika rasa.

Ku kuma 'yan'uwana, aikin nan ba ya buƙatar takardar makaranta. A kowace unguwa akwai dattijuwar da ake jin maganarta, ta ɗauka. Kai kuma mai gida, in iyalinka ta shiga wata bakwai, kada ka jira a aiko. Tashi ka tambaye ta abin da babu, ka kawo yau, sannan ka janye hannunka daga jakar.